Hular da Gwaggo Ta Warware

Gwaggona, yayar babana, ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakin baya na gidan baffana a Yelwa. Ina Warra, inda nake aure, aka bugo mini waya. Kafin motar da na shiga ta gama tsaye-tsayenta a hanya, har an kai ta makwancinta.

Na tarar da tsakar gida cike da mata, tabarmi har bakin rijiya. Matar baffa tana tsakiya, ta fi kowa kuka, tana share hanci da gefen mayafi. Duk wadda ta yi sallama ta shigo sai ta durƙusa gabanta ta ce, "Allah ya jiƙanta, baiwar Allah mai haƙuri." Wata mata da ban ma san ta ba ta ce tunda take ba ta taɓa jin Gwaggo ta ɗaga murya ba. Wata ta ce ai uwa ce ga kowa a unguwar. Daga zaure ina jiyo babban ɗan baffa yana ba maza labari, wai shi ke kula da ita, wai ko shekaranjiya ya aika mata da kifi. Hular da ke kansa ɗinkinta ce. Na gane ta tun da na wuce shi a ƙofar gida.

Can gefe kusa da madafa akwai wasu mata huɗu da ba su cewa komai. Su ne waɗanda suka koyi ɗinki a hannunta, kamar ni. Muka haɗa ido. Ɗaya ta fito da hannunta na hagu daga cikin hijabi, ta nuna mini bayansa, daidai inda Gwaggo ke tsula mana kara, ta mayar. A ranar nan ita kaɗai ta yi mini ta'aziyyar gaskiya.

Gwaggo ba mai haƙuri ba ce. Ban taɓa zama da mai zafin rai irinta ba, kuma ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, babba ko yaro. Idan aka bar wa mutanen tsakar gidan nan labarinta, kafin shekara ta zagayo za su mayar da ita wata tsohuwa mai sanyi da ba a taɓa yi ba, daga nan kuma a manta da ita. Ba zan yarda ba. Ba wanda ya fi ni dalilin jin haushinta, don haka ni ce zan faɗi ko wace ce.

A wani tsibiri aka haife ta, cikin garuruwan da ruwan dam ya cinye tun ba a haife ni ba. Ba ta son a yi mata maganarsa. Sau ɗaya ta yi aure, mijin masunci ne, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Ta ƙi sake aure, ta kama ɗaki biyu a Yelwa ta riƙe kanta da allura. Hula take ɗinkawa, irin wadda ake ƙirga zaren yadi ɗaya bayan ɗaya, a ɗora zare kan zare a gicciye har zane ya fito. Hular da wasu matan ke yin wata guda da rabi a kanta, ita cikin mako biyu ta miƙa wa mai wankin hula. Kuma idan ka juya cikinta ba za ka ga ƙulli ko ɗaya ba.

Babana manomi ne a Shanga, shinkafa da gero. Ina da shekara tara ya kawo ni wurinta don in yi makaranta in kuma koyi sana'a. Ya ce mata, "Yaya, ga ɗiyarki." Ba ta kalli fuskata ba. Hannuna ta kama, ta jujjuya yatsuna kamar mai zaɓen kuɓewa a kasuwa, ta ce, "Za ta iya, in ba ta da surutu."

Washegari bayan sallar asuba ta zaunar da ni a bakin ƙofa. Akwai wani ɗan ƙaramin matashi da take soka allurai a jikinsa. Ta zura zare a allura bakwai, ta jera su, sannan ta ce in ɗauki ta farko. Na tambaye ta me ya sa bakwai, alhali hannu ɗaya ke ɗinki.

"Don kar ki tsaya," in ji ta. "Duk wadda kika ga tana da nawa, ba hannunta ba ne. Tsayawarta ce. Zare ya ƙare, ta tsaya neman almakashi, ta tsaya lasar zare, ta ɗaga kai ta ga akuya, shi ke nan rana ta tahi."

Haka take. A wurinta sauri ba gaggawa ba ne, rashin tsayawa ne. Zarenta ba ya wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu, don dogon zare yana sarƙewa, kuma kwance sarƙa ya fi zura sabon zare cin lokaci. Hannun dama yana sama, na hagu yana ƙarƙashin yadi yana tarbar allura yana mayarwa. Idan na juya yadin don in ga inda allura za ta fito, sai in ji kara a bayan hannu.

"Mi kike nema a can? Yatsanki ba shi da ido?"

Na yi kuka har na gaji. Bayan wata uku yatsana ya yi ido.

Akwai wata dabararta da sai da na girma na gane amfaninta. Ba ta bari mai koyo ta ga yawan aikin da ya rage. Sai ta naɗe yadin ta soke shi da tsinke, ta bar miki faɗin yatsa biyu kawai a buɗe. Idan kin gama, ta buɗe wani yatsa biyun. Wata rana na zare tsinken a ɓoye, na shimfiɗa yadin, na ga farin da ya rage ya ninka wanda na cike sau biyar. Na kasa ko layi ɗaya a yinin nan. Da ta gane, ba ta dake ni ba. Ta ce, "Kin gani? Ke kika yi wa kanki." Ta sake naɗewa. Kuma ba ta taɓa ajiye aiki a wuri mai wuya. Ko ana kiran sallar magariba sai ta wuce kusurwar zane ta shiga miƙaƙƙen layi, sannan ta soke allura. Ta ce wadda ta ajiye a wuri mai wuya gobe za ta tashi tana jin tsoron aikinta, sai ta fara neman wanki da shara.

Baƙi ba sa jimawa a ɗakinta. Idan mace ta zo hira da hantsi, Gwaggo za ta amsa gaisuwa ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ci gaba da ƙirge a ƙasan maƙoshi har baƙuwar ta ji kunya ta tashi. Matar baffa, lokacin tana amarya, ta zo koyon ɗinki. Kwana uku ta yi. A rana ta uku Gwaggo ta karɓi yadin ta ɗaga shi a rana, ta ce a gabanmu, mu 'yan mata, "Hannun ga na daka ne. Koma gida ki yi wa ƙanena fura." Muka ƙyalƙyale da dariya. Matar baffa ta tashi ta fita, ko sallama babu. Shekara talatin da wani abu ke nan, kuma na san ba ta manta ba.

Yanzu zan faɗi abin da ke tsakanina da ita.

Ina da shekara goma sha shida babana ya kwanta. Tun damina cikinsa ke kumbura, aka yi na gida aka yi na asibiti. Da na je duba shi a Shanga na ga hular da ke rataye a ƙusa ta koɗe, bakinta ya cinye. Na ce masa, "Baba, ni zan ɗinka maka ta Sallah." Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya kai mu." Duk hulunan da ya taɓa sawa ɗinkin yayarsa ne. Ina son ya sa tawa.

Na zaɓi shuɗi da fari. Ban gaya wa Gwaggo ba, don na san za ta sa baki. Idan na gama aikin da ta ba ni, sai in shiga ɗakin ciki tsakanin azahar da la'asar in yi nawa. Kwana goma sha biyu ina yi, na wuce rabi. A rana ta goma sha uku na dawo daga ɗebo ruwa na same ta zaune a bakin ƙofa, hular tana cinyarta, tana bin layi da farce.

"Ta wa ce?"

"Ta Baba."

"Layi na huɗu kin tsallake zare ɗaya. Duk abin da ke samansa ya karkace. Zanen ba zai haɗu a baya ba."

Na durƙusa. Na ce, "Gwaggo, ba mai gani. A baya ne. Baba ba shi da lafiya, so nake ta same shi."

"Na san ba shi da lafiya. Ƙanena ne kafin ya zama ubanki. Ba zai sa karkatacciyar hula ba, a ce daga ɗakina ta fito."

Ta sa bakin allura ta fara tsinke ɗinkin. Ban taɓa roƙon mutum irin roƙon da na yi mata ba. Na riƙe ƙafarta. Ba ta ture ni ba, ba ta kuma tsaya ba. Tun daga azahar har aka kira la'asar tana warwarewa, shuɗin zare yana taruwa a gefenta. Da ta kai layi na huɗu ta miƙo mini yadin ta ce, "Fara. Yanzu hannunki ya san hanya, za ki fi sauri."

Gaskiya ta faɗa, na fi sauri. Abin da na yi a kwana goma sha biyu na maimaita shi a shida. A rana ta tara, saura faɗin yatsa uku in rufe, wani mai babur ya zo daga Shanga ya yi sallama a ƙofar gida.

A cikin mota muna zaune kafaɗa da kafaɗa, hular tana ƙunshe a hannuna. Sai da muka kusa shiga gari ta dubi hannuna ta ce, "Da kin ƙirga daidai tun farko, da ya sa ta."

Wannan ce matar da ake cewa mai haƙuri. Ƙaninta ne ya mutu, na sani, kuma wataƙila a ranta akwai abin da ya fi ƙarfin bakinta. Na sha gaya wa kaina haka. Amma yarinya ce a gefenta wadda ubanta ya rasu da safiyar nan, kuma abin da ta zaɓa ta gaya mata ke nan.

Bayan addu'ar uku na gangara bakin kogi na jefa hular a ruwa, da allurar a jikinta. Da aka yi arba'in Gwaggo ta ce in haɗa kayana mu koma. Na ce wa Inna, mahaifiyata, idan aka mayar da ni Yelwa zan bi hular. Inna ta dube ni, ta dubi Gwaggo, ta ce a bar ni tukuna. Gwaggo ta ɗauki jakarta ta tafi. Na yi aure bayan shekara uku, da wanda nake so, malamin firamare ɗan Warra. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa allura ba. Ko maɓallin rigar maigidana ya cire, maƙwabta nake kai wa.

Sai 'yata ta biyu ta rasu. Shekararta huɗu, zazzaɓi na kwana biyar. Na kwanta a ɗaki na juya wa ƙofa baya. Ana kawo abinci ana ɗaukewa. Babban ɗana ƙanwar maigidana ce ke yi masa wanka. Aka yi mini rubutu, aka yi mini nasiha, mata suka zo suka tafi. Na kusa wata biyu a haka, kuma ba na jin zan tashi.

Ranar wata kasuwar Warra, hanya ta lalace da ruwan sama, Gwaggo ta biyo jirgin 'yan kasuwa daga Yelwa, ita da tun mutuwar mijinta ba ta shiga jirgi ba. Ban san wa ya gaya mata ba. Na dai ji an ɗaga labule, na ji ƙamshin man da take shafawa. Ta ce, "Allah ya sa mai ceto ce." Iyakar ta'aziyyarta ke nan. Ta zauna, ta buɗe jaka, na ji tana yanka zare.

Ta ajiye mini naɗaɗɗen yadi a gefen fuska. "Layi ɗaya."

Na ce, "Fita mini daga ɗaki."

"Zan fita in kin yi layi ɗaya."

Na yi shi ne don ta fita. Ta karɓa ta duba, ta tashi ta fita tsakar gida kamar yadda ta ce. Washegari ta dawo. Layi ɗaya. Rana ta huɗu na yi uku ban sani ba, don ta ajiye mini a miƙaƙƙen wuri, hannuna ya ci gaba da kansa. Rana ta shida ta ce, "Nan ba haske," ta ja tabarma zuwa bakin ƙofa. Bayan kwana biyu bakin ƙofa ma ba haske, sai tsakar gida. Daga nan sai gindin mangwaron bayan gida, inda ake hango ruwa da jiragen masunta. A can ne ɗana ya zo ya jingina da bayana, na ji nauyinsa, na tuna ina da shi.

Kwana ashirin ta yi. Ta yi faɗa da ƙanwar maigidana a kan gishiri, ta kori mata biyu da suka zo hira. Ba ta ambaci babana ba, ko sau ɗaya. Ranar da za ta tafi na raka ta bakin ruwa, ina jira ko za ta ce wani abu. Ta sa ƙafa ɗaya a jirgi ta juyo ta ce, "Har yanzu kina juya yadi. Ki daina."

Ba zan ɓoye ba, ita ta tashe ni. Yau mata goma sha wani abu ke zuwa gidana koyon ɗinki, kuma duk abin da nake koya musu nata ne, kara kawai na cire. Idan wata ta zo tana cewa aiki ya ishe ta, hula ta ƙi ƙarewa, naɗe mata yadi nake yi in ce layi ɗaya. Amma zuwanta Warra bai shafe maganar cikin mota ba. Kowanne yana nan inda yake a raina.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe mata gani. Baffa, autansu, ya ce bai dace makauniya ta zauna ita kaɗai ba, ya kwaso ta zuwa gidansa, mutane suka yaba masa. Ɗakin da matarsa ta ba ta shi ne na baya, inda suke zuba albasa bayan girbi. Taga ɗaya ce, ƙarama, kusa da rufi. Matar da ta yi rayuwarta tana bin haske da tabarma, nan aka ajiye ta. Babban ɗan baffa kuwa ya kwashe tsofaffin hulunanta da guntayen yadin da take gwada zane a kansu, ya kai shagonsa na ɗinkin inji, ana kwaikwaya ana sayarwa. Ban taɓa jin ya ce wa mai saye zanen gwaggonsa ne ba. A gidan nan mai mutum kusan ashirin ba wanda ke zura mata zare a allura. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda kowa ke kira Iya, ita ke zagayowa kullum da safe ta zura mata, Gwaggo ta yi ta ɗinki da lalube.

Ina faɗin laifinsu, bari in faɗi nawa. A shekara huɗun da ta yi a ɗakin nan, sau uku na je. Ina da ɗaki a Warra mai taga biyu. Maigidana ya taɓa cewa mu ɗauko ta. Na ce a'a.

Zuwana na ƙarshe, na same ta zaune a kan tabarma, ta rame, warin albasa ya kama tufafinta. Iya tana gefe. Muka gaisa. Gwaggo ta laluba ƙarƙashin matashi ta fito da hula, ta kusa gamawa, ta miƙo wajen da take jin muryata.

"Wata biyu nake kanta. Iya ta ce ta yi kyau, amma Iya ba ta san ɗinki ba. Duba mini."

Na kai ta ƙarƙashin tagar. Kore ya shiga wurin ja, layuka sun hau juna, tun daga ƙasa ta karkace. Ban taɓa zaton hannun nan zai fitar da abu irin wannan ba. Iya tana girgiza mini kai, tana haɗa hannuwa alamar roƙo. Abin da ake so in ce ba shi da wuya. Ba mai sayen hular, ba mai sa ta. Tsohuwa ce makauniya da ke neman abin da zai tashe ta da safe.

Na ce, "Ta karkace tun daga ƙasa, Gwaggo. Ba za ta haɗu a baya ba."

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "To mi kike jira?"

Na zari allura na zauna a gabanta na fara warwarewa. Iya ta ce, "Ke ɗiyar nan, ki ji tsoron Allah," ta tashi ta fita. Gwaggo ta karkata kai tana sauraron zare yana fita daga yadi. Ban yi gaggawa ba, ban kuma tsaya ba. Kuma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya a kanta, dole in faɗa a kaina: na ji daɗi. Kowane layi da na cire sai in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Da na gama na ɗora mata yadin a cinya. Ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, babu komai sai hujin allura.

"Kin yi sauri," in ji ta. "Zura mini zare kafin ki tahi."

Na zura, na soka mata a matashinta, na yi mata sallama. Bayan mako biyar aka bugo mini waya.

Ranar addu'ar bakwai, bayan malamai sun shafa fatiha a waje, baffa ya shigo ya tsaya a bakin zaure. Ya ce yayarsa mutum ce, ta zauna da mutane, duk wanda ta ɓata wa don Allah ya yafe mata. Tsakar gida ta amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Ni ban buɗe baki ba. Matar baffa tana kallona, ta ga ban ce ba.

"Ke ba ki ji abin da baffanki ya ce ba?"

Na ce, "Na ji. Ke da kika ajiye ta a ɗakin albasa shekara huɗu, kin tambaye ta ko ta yafe miki?"

Nan take kowa ya fara magana lokaci ɗaya. Matar baffa ta miƙe tana cewa a gidanta za a ci mata mutunci, ita da ta yi wa tsohuwar nan wanki da ɗauraya. Na ce a kira Iya ta faɗi wanda ya yi wankin. Na ce a kira babban ɗanta ya cire hular da ke kansa ya faɗa wa mutane inda zanen shagonsa ya fito. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗiyata, ɗauki mayafinki." Na ɗauka.

Iya ce ta biyo ni waje. Ta kama hannuna ta ja ni cikin gidanta, ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa a moɗa. Ta bari sai da na sha.

"Duk abin da kika faɗa musu gaskiya ne," in ji ta. "Ni shaida ce."

Na ce, "Iya, ta ce wani abu a kaina kafin ta cika?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Amma tunda kin tambaya zan gaya miki abin da na gani. Daga ranar da kika tahi ba ta sake taɓa ɗinki ba. Kullum in na zo da safe sai ta ce in bar zura zare, akwai wanda aka zura mata. In dawo da yamma in tarar yana nan yadda yake. Da, kafin in shigo ta tashi ta yi alwala tana jirana. Bayan nan sai in same ta kwance."

Ta karɓi moɗar daga hannuna ta ajiye.

"Kin tambayi matar baffanki tambaya mai kyau a gaban mutane. Ni ba a gaban mutane zan yi miki ba. Ke kin tambaye ta?"

Da aka kira azahar ta shimfiɗa mini abin salla, na yi, na fita tasha.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabarinta, ya yi mata sassaucin da ba ta yi wa kowa ba. Wannan addu'ar ina yin ta bayan kowace salla, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Kalmar da baffa ya nema kuwa har yau ban furta ba. Wasu ranakun ina jin na kusa. Sai in tuna ni ma akwai wadda nake bukata daga bakinta, kuma na bari har an kai ta ban roƙa ba.